Da aka ƙara wa kiɗa gudu, eko ya lulluɓe shi: nazarin fayil ɗin MIDI a FluidSynth

Kiɗan waƙar biki ne, an buga shi a fiyanon Yamaha irin jerin PSR, waɗanda kiɗan finafinan Hausa ya daɗe yana fita daga cikinsu. Mai fiyanon ya naɗe aikin a matsayin fayil ɗin MIDI, ya miƙa a filashi. Ranar taro fiyanon ba zai samu ba, don haka aka tsara cewa laftof ce za ta buga kiɗan ta hanyar FluidSynth, manhajar da ke mayar da fayil ɗin MIDI sauti, da tarin sautukan kayan kiɗa mai suna FluidR3_GM. Jikin waƙar yana tafiya a bugu 96 cikin minti ɗaya. A wajen gwaji mawaƙiyar ta ce amshin bai ɗauki rawa ba, a ƙara masa wuta, aka daidaita a kan 120.

Daga wannan ƙarin ne matsaloli uku suka ɓullo. Kiɗan yakan fara da sauri, sai ya koma tsohon gudunsa a gaɓa ta tara (gaɓa a nan rukunin bugu huɗu ce). Da aka shawo kan wannan, sai sautin ya dagule, gangunan suka daina yankewa, kod, wato sautukan da ake dannawa tare, yana hawa kan kod. Da aka rage ekon kuma, bes ya ci gaba da rugugi a ƙasa kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Kowacce da asalinta, amma biyun ƙarshe uwa ɗaya ta haife su: gudun kiɗa da bugu ake ƙirga shi, eko kuwa da sakan.

Tukuna, a gyara kalma. A sutudiyo ana cewa eko ga abubuwa biyu. Akwai wanda yake maimaita sauti ɗaya bayan ɗaya, kamar ka yi kira a gindin dutse ya amsa maka. Akwai kuma wanda a jikin manhaja aka rubuta masa Reverb, wato amon da ɗaki yake riƙewa bayan sauti ya yanke, irin wanda ake ji idan aka tafa hannu a sabon gini da ba a zuba kaya ba. Na biyun muke nufi a nan, kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya mutu shi za mu riƙa kira jela.

Gudun da ya ƙi zama

Fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Umarni ne kawai: danna wannan maɓalli da ƙarfi kaza, sake shi bayan ɗigo kaza. Ana auna lokaci a cikinsa da ɗigo, kuma a wannan fayil ɗigo 480 ne suke yin bugu ɗaya. Abin da yake faɗin tsawon bugun da agogo wani saƙo ne na daban mai farawa da FF 51 03, sai baiti uku masu ɗauke da adadin maikrosakan da ke cikin bugu ɗaya. A gudun 96 adadin 625,000 ne, a 120 kuma 500,000. Lissafin shi ne a raba miliyan 60 da gudun da ake so. Idan fayil bai zo da wannan saƙo ba, ana ɗaukarsa a 120.

Abin da mai haɗa kiɗan bai lura da shi ba shi ne, saƙon nan ba guda ɗaya ba ne a fayil ɗin. Mai fiyanon ya buɗe waƙar da shimfiɗa a gudun 80, ya hau 96 a gaɓa ta tara inda ganguna suke shiga, sannan a gaɓoɓi biyun ƙarshe ya riƙa sassautawa, abin da ya bar jerin ƙananan saƙonnin gudu a bayan juna. Da aka buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran MIDI, lambar farko da ta bayyana aka canza zuwa 120. Sai shimfiɗar ta yi tsere, da an iso gaɓa ta tara kuma saƙo na biyu ya mayar da komai 96.

FluidSynth tun daga sigar 2.2.0 ta shekarar 2021 tana da hanyoyi biyu na juya gudun fayil daga wurin rubuta umarni, kuma bambancinsu ne ya raba gardama a nan. An fara da wannan:

player_tempo_bpm 120

Umarnin yana sa manhajar ta yi watsi da duk saƙonnin gudu na cikin fayil, ta riƙe 120 daga farko har ƙarshe. Komawa baya ta daina, amma shimfiɗar ta rasa natsuwarta, ƙarshen waƙar kuma ya tsaya cak babu sassautawa. Ga kiɗan da gudunsa ɗaya ne tun daga tushe, wannan ya wadatar. Ga wannan waƙar sai na biyun:

player_tempo_int 1.25

Shi kuma yana barin saƙonnin fayil ɗin su yi aikinsu, sai dai ya ninka kowanne da lambar da aka ba shi. An samu 1.25 ne ta raba 120 da 96. Shimfiɗar ta tashi daga 80 zuwa 100, jikin waƙa ya hau 120, sassautawar ƙarshe ta tsira da siffarta. Bayan rubuta shi sai player_start, wanda yake mayar da waƙar farko.

Wannan na gwaji ne. Ba a so ranar biki a tsaya buga umarni jama'a na jira, don haka aka koma cikin fayil ɗin aka gyara kowane saƙon gudu da hannu. Idan da maikrosakan manhajar gyaran take nunawa, ninkawa ake yi da 0.8: 750,000 ya koma 600,000, 625,000 ya koma 500,000. Wanda ya yi kuskure ya ninka da 1.25 a nan zai ga kiɗan ya ƙara nauyi, domin babbar lamba dogon bugu take nufi.

Wani abu a gefe: ƙarin gudu a MIDI ba ya taɓa kaifin sauti, kiɗan yana nan a makullinsa. Amma muryar gwaji da aka naɗa a kan 96 ba za ta bi ba, tunda ita sauti ce naɗaɗɗe. Matse ta har ta dace da sabon gudun yana barin karkarwa a dogayen wasula, sake rerawa ya fi.

Inda sautin ya dagule

Ekon FluidSynth maɓallai huɗu gare shi: girman ɗaki, dusashewar kaifi, faɗi, da yawa. A saitin manhajar sunayensu synth.reverb.room-size, synth.reverb.damp, synth.reverb.width da synth.reverb.level. Babu ɗaya a cikinsu da ya san gudun waƙa. Har ila yau, fiyanon Yamaha yakan rubuta nau'in ekon da mai kiɗa ya zaɓa a cikin saƙonnin XG, tsarin MIDI na Yamaha, amma FluidSynth ba ta gina ɗakinta da su. Abin da take karɓa daga fayil shi ne yawan abin da kowane layi, wato hanyar kowane kayan kiɗa a fayil ɗin, zai tura cikin ekon, ta saƙon sarrafawa mai lamba 91. Ɗakin kansa sai abin da mai laftof ya saita.

A wannan laftof ɗin an bar girman ɗaki a 0.8 tun wani aiki na baya, waƙa mai sanyi. Lambar nan tana yaudara. Tun sigar 2.1.0 ta 2019, lokacin da aka sauya tsohon injin Freeverb da sabo, maɓallin yana tafiya daga jelar sakan 0.7 a sifili zuwa sakan 12.5 a ɗaya, amma ba a miƙe yake hawa ba. Rabin farko yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, can kusa da ƙarshe sai ya yi tsalle. A 0.5 jelar tana wajen sakan ɗaya da rabi, a 0.8 ta kai kimanin sakan uku. Ƙarin 0.1 a ƙasan maɓallin kusan ba a jin sa, ƙarin 0.1 a samansa yana mayar da falo ya zama zauren taro.

Abin da ake nufi da tsawon jela shi ne lokacin da amon yake ɗauka ya sauka da desibel 60 (desibel awon ƙarfin sauti ne), ma'aunin da ya samo asali daga aikin Wallace Sabine a jami'ar Harvard a ƙarshen ƙarni na 19. Jelar sakan uku ke nan tana sauka da desibel 20 a kowane sakan. Yanzu a ɗora wannan a kan waƙar.

A gudun 96 bugu ɗaya milisakan 625 ne, a 120 kuma 500. Mai fiyanon yana sauya kod bayan kowane bugu biyu. Da ya bar kod ɗin farko ya hau na biyu, amon na farkon yana nan yana sauka. A tsohon gudun, kafin na uku ya shigo sakan 1.25 ya wuce, amon ya ragu da desibel 25. A sabon gudun sakan ɗaya kacal ya samu, ya ragu da 20. Bugun farko na kowane sabon kod kuwa, tsohon bai sauka fiye da desibel 10 ba, wato kunne yana jin sa da kusan rabin ƙarfinsa. Idan kod biyun suna da sautukan da ke maƙwabtaka da juna, sai su riƙa gogayya. Wannan ne dagulewar da aka ji.

Gangunan sun fi shan wuya. Kiɗan yana da ƙananan bugu huɗu a cikin kowane bugu, tazararsu milisakan 156 a da, yanzu 125. A cikin milisakan 125 jelar sakan uku ba ta sauka sai da desibel biyu da rabi. Ma'ana shirun da ke tsakanin bugu da bugu ya cike, alhali wannan ɗan shirun ne yake sa ƙafa ta motsa. Gaskiyar magana ko a 96 ɗin ekon ya yi yawa, kunne ne ya haƙura da shi. Ƙarin gudun ya tura shi ya haye iyaka.

Gwajin farko shi ne a rage jelar daidai da yadda bugun ya ragu, sakan 3 sau 0.8, wato 2.4. An ɗan samu sauƙi, ba a warke ba. Ga kiɗan rawa mai sauya kod da wuri, abin da ya fi aiki shi ne jela tsakanin bugu biyu da uku, a nan sakan 1 zuwa 1.5. Da jelar sakan 1.2 amon yana sauka da desibel 50 a sakan: 25 a cikin bugu ɗaya, fiye da 6 tsakanin ƙananan bugun ganga. An tsaya a kan wannan:

set synth.reverb.room-size 0.4
set synth.reverb.damp 0.4
set synth.reverb.width 0.8
set synth.reverb.level 0.6

Kada a yarda da lambar maɓalli ba tare da aunawa ba, domin sigogin manhajar sun bambanta. Aunawar ba ta cin minti biyar. A yi ƙaramin fayil mai bugu ɗaya tak na sautin gefen ganga, maɓalli na 37 a layi na 10, layin ganguna, a sa saƙo na 91 a kan 127, a bar gaɓoɓi huɗu babu komai a bayansa. A fitar da shi:

fluidsynth -ni -F gwaji.wav -o synth.reverb.room-size=0.4 FluidR3_GM.sf2 gwaji.mid

A buɗe gwaji.wav a Audacity, manhajar gyaran sauti, a juya ma'aunin gefen hoton sautin zuwa desibel. Bayan bugun kansa ya wuce za a ga gangare. A auna lokacin da ya ɗauka ya sauka da desibel 30, a ninka biyu. Ba a jiran 60 ɗin duka saboda ƙarshen jelar yakan nutse ya ɓace wa ido. A yi gwajin da dusashewar kaifi a sifili idan ana son ganin cikakken tsawon.

Maɓallin dusashewar kaifi yana sa manyan sautuka masu kaifi su mutu kafin masu kauri, kamar yadda labule da kafet da jikin mutane suke yi a ɗaki. A sifili kuge da kacau-kacau suna barin wani tsiii mai tsawo a bayansu. A 0.4 wannan ya kwanta. Faɗi kuma yana iya kaiwa har 100, amma da ya wuce 1 manhajar tana fara zuba amon gefe ɗaya a ɗaya gefen a juye. A hedifon abin yana da daɗi ƙwarai. A filin biki inda sau da yawa waya ɗaya ake ja zuwa amfilifaya, ko a sifikar wayar hannu, ekon sai ya ƙanƙance, kiɗan ya fito ba yadda aka haɗa shi ba. Shi ya sa aka bar shi ƙasa da 1.

Bes ɗin da ya ƙi yin shiru

Bayan duk wannan rugugin ƙasa yana nan. Mai haɗa kiɗan ya yi ta ƙara dusashewar kaifi har 0.9, kiɗan ya yi duhu, rugugin bai motsa ba. Ba zai motsa ba kuwa, tunda maɓallin sama yake yankewa, matsalar kuma tana ƙasa, wajen haz 100 zuwa 400 a ma'aunin kauri da kaifin sauti, inda bes da babbar ganga da hannun hagu na fiyano suke cunkushe. Ekon FluidSynth ba shi da matatar da za ta tare kauri kafin ya shiga. Hanya ɗaya ita ce a hana masu kaurin shiga tun daga ƙofa.

Da aka duba farkon fayil ɗin, kowane layi yana da saƙo na 91. Yawancinsu a kan 40 suke, wanda shi ne abin da tsarin XG yake farawa da shi, har da bes da ganguna. Goge da sarewa an ɗaga su zuwa 64. An gwada rufe na gangunan daga wurin umarni:

cc 9 91 0

Lura da lambar: a nan ana ƙirga layuka daga sifili, don haka layin ganguna na 10 shi ne 9. Mutane da yawa suna rubuta 10 su yi ta mamakin abin da ya sa babu canji. Umarnin ya yi aiki, amma da aka mayar da waƙar farko sai fayil ɗin ya sake aiko da 40 ɗinsa ya goge gyaran. Dole a cikin fayil ɗin za a canza. Aka sa bes a 0, ganguna a 15, fiyano a 30, goge a 45, sarewa aka bar ta a 64 domin ita ce mai amsa wa mawaƙiya, kuma sauti ɗaya take busawa a lokaci guda, ba ta da kod ɗin da zai yi karo.

Layin ganguna yana da tasa matsalar. Babbar ganga da ƙarama da kuge duk a layi ɗaya suke, saƙo na 91 kuma na layi ne gaba ɗaya. Idan aka bar eko don ƙaramar ganga ta yi daɗi, babbar ma ta samu. Lambar 15 sulhu ce kawai.

Akwai wata ƙofa ta biyu da ake mantawa da ita. A ƙa'idar SoundFont 2.01, wadda tarin sautuka irin FluidR3_GM suke bi, saƙo na 91 ko an kai shi 127 kashi 20 cikin 100 kawai yake ƙarawa a kan abin da ake turawa eko, 40 kuwa wajen kashi 6. Ana tara wannan ne a kan wani adadi da wanda ya haɗa tarin sautukan zai iya rubutawa a jikin kowane kayan kiɗa. Don haka idan an sa saƙon a sifili amma har yanzu ana jin jela a bayan bes, a buɗe fayil ɗin tarin sautukan, mai ƙarewa da sf2, a manhajar Polyphone, a nemo kayan kiɗan, a duba layin eko a teburin saitinsa, a mayar da shi sifili, a adana da sabon suna don kada a ɓata na asali. Gwajin da yake nuna ko eko ne ko wani abu daban shi ne a kashe shi ɗungurungum da -R 0 a saurara.

Da aka yi wannan gwajin ne aka gano saura. Ko babu eko, gogen yana jan ƙafa. Sautin goge a tarin yana da nasa lokacin mutuwa bayan an saki maɓalli, shi ma da sakan aka rubuta shi, bai san an ƙara gudu ba. Ga kuma fedar riƙe sauti, saƙo na 64, wadda mai fiyanon yake saki a makare, bayan sabon kod ya riga ya shiga. A 96 makarar ba ta damu kowa ba. An gajarta kowane dogon sautin goge da ɗigo 120, wato kwatan bugu, aka kuma jawo sakin fedar baya ya faɗi daidai kan sauyin kod.

Abin da FluidSynth ba za ta iya ba

Babu maɓallin jinkirta shigowar eko a cikin huɗun nan. Wannan ɗan jinkirin, tsakanin bugun sauti da farkon amonsa, shi yake barin bakin sautin ya fito fes kafin ɗaki ya amsa. Wanda yake son sa sai ya fitar da kiɗan a bushe da -R 0, zai fi kyau layi-layi, ya kai shi wata manhajar. Ekon Audacity yana da wannan maɓalli har milisakan 200, Fruity Reeverb 2 na FL Studio ma yana da shi, kuma ana iya ɗaure nasa da gudun waƙa. A 120 ana raba 500 ne biyu-biyu: 250, 125, 62.5, 31.25. Biyun ƙarshe su ake amfani da su. Milisakan 31 daidai yake da tafiyar sauti ta kusan mita 11, kamar bango yana mita biyar da ɗoriya a gabanka sautin ya je ya dawo. Ga fiyano da ƙaramar ganga 31 ya isa, murya tana ɗaukar 62. A can kuma ana iya sa matata ta yanke duk abin da ke ƙasa da haz 250 kafin ya shiga ekon, a raba babbar ganga da sauran, abin da ya gagara a baya.

A wannan aikin ba a bi doguwar hanyar ba, lokaci ya ƙure. An tsaya a FluidSynth, aka fitar da kiɗan kashi biyu saboda wurin taro bai tabbata ba. Ɗakin taro mai daɓen tayil da bangon siminti yana da nasa amon, wanda zai hau kan na laftof, musamman da farkon dare kafin mutane su cika su shanye shi. Na ɗaki an fitar da shi da yawan eko a 0.3. Na rumfa a fili, inda babu bangon da zai mayar da sauti, aka bar shi a 0.6. Sauran saitin duk iri ɗaya:

fluidsynth -ni -r 44100 -F fili.wav -o synth.reverb.room-size=0.4 -o synth.reverb.damp=0.4 -o synth.reverb.width=0.8 -o synth.reverb.level=0.6 FluidR3_GM.sf2 waka120.mid

A fitarwar farko jelar ƙarshe ta guntule, domin sigar manhajar da ke laftof ɗin ta rufe fayil ɗin sauti ne da MIDI ya ƙare, amon bugun ƙarshe kuwa bai gama sauka ba. An ƙara gaɓa guda a ƙarshen fayil ɗin, aka ajiye saƙon sarrafawa ɗaya da ba ya canza komai a bugunta na huɗu, don ya riƙe ƙofa a buɗe. Gaɓa ɗaya a wannan gudun ta haura sakan biyu saboda sassautawar ƙarshe, jelar kuwa sakan 1.2 ce, ta samu wurin mutuwa.